Ƙasusuwan Bayan Gidan Ogbonna

Chikaji, Sabon Gari, Zariya
Farkon damina

Zuwa ga 'yata Jemimah,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, kuma sanyin Afirka ta Kudun da kike kuka da shi ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau. Mahaifiyarki Winifred gwiwar ta ɗan matsa mata, amma da ƙafarta take zuwa coci. Mamanki Hephzibah, matata, ta ce in gaya miki burodi ba abinci ba ne. Ni kuwa kin san ni, ƙarfe bai gaji da ni ba, ni ma ban gaji da shi ba.

Kin sha ce mini in bar wahalar rubutu in kira ki a waya. Ba zan kira ba. Magana mai nauyi da biro nake yin ta, in ɗauki hoton takardar in turo miki, yadda gobe ba wanda zai ce ban faɗa ba. Nemi wuri ki zauna.

An ga mahaifinki.

Akwai wani gida a Samaru wanda Ogbonna mai katako ya gina tun da daɗewa ya zuba ɗalibai haya. Bara ya sayar wa wani Bayarabe, Mista Oladipo. Shi Oladipon ya ba ni aikin ƙofar ƙarfe da na tagogi, domin duk wanda ya shigo Sabon Gari ya tambayi wa ya iya walda, sunana za a faɗa masa. Ranar Talata ina can ina awo, sai masu haƙan ramin sokawe a bayan gidan suka watsar da diga suka fito a guje. Na je na leƙa. Ruɓaɓɓen akwati ne, katakon ya koma ƙasa, cikinsa ƙasusuwan mutum. Ni na fara shiga ramin, kafin 'yan sanda su iso su kwashe.

Kina goye lokacin da abin ya faru, kuma ban taɓa ba ki labarin dalla-dalla ba. Ranar da mahaifinki, yayana Othniel, ya ɓace, ganin ƙarshe da aka yi masa yana bayan babur ɗin Ogbonna ne, sun nufi Samaru. Abokai ne a lokacin. Ogbonna ya ce wai ya sauke shi a Kwangila zai hau mota. Zuwa ina? Wai bai tambaya ba. Muka duba asibitoci, muka duba tashoshi, har Kano da Jos na je. Da na gaji na koma shagon Ogbonna na ce ya dubi Allah ya gaya mini gaskiya. Yana tsaye kan injin zarto, ko kashe shi bai yi ba. Ya dube ni a gaban yaransa da masu ciniki ya ce, "Cornelius, ƙila ya gaji da ku ne."

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan wannan magana tana ci na. Na tashi daga yaron shago na zama mai shago, na gina gida, na riƙe ki da mahaifiyarki ba tare da na miƙa wa kowa hannu ba, amma ban taɓa bi ta layin 'yan katako ban ji ta a kunnena ba. Ya gaji da mu. Ashe yana kwance a bayan gidan mutumin da ya faɗa.

Na turo miki hoton kan, ta gaba da ta gefe. Za ki ga na rufe samansa da hankicina. Abin da ke wurin bai kamata 'ya ta gani ba, kada ki tambaye ni.

Abu biyu nake so. Ki rubuta mini cewa namiji ne. Sannan ki rubuta cewa namu ne, Bazazzage jinin Wusasa, domin na san abin da Ogbonna zai ce: wai wani ɗan garinsu ne ya mutu aka binne tun kafin ya sayi filin. Ni a aji biyar na sakandare na tsaya, amma na tsaya tsayin daka har kika kai inda ake karanta ƙashin mutum kamar jarida. Yau ce ranar da karatun zai yi wa gidanmu aiki.

Babanki,
Cornelius


Pretoria

Baba,

Na amsa gaisuwa. Ina lafiya, sai dai tun da na karanta takardarka ban iya cin komai ba. Ka gaishe mini da Mama Hephzibah. Mama kuwa don Allah kada a gaya mata tukuna.

Baba, na fi kowa son a ce shi ne. Ban san fuskarsa ba sai a hoton bikinsu. Amma bari in gaya maka abin da zan iya da wanda ba zan iya ba.

A kai muna duba ƙashin gira, da ƙashin nan da ya ɗan turo a bayan kunne, da haɓa. Na maza sukan fi kauri. A hoton gefe, ƙashin bayan kunnen ya ɗan yi girma, saboda haka zai iya zama namiji. Amma ka kusantar da wayar sosai, kuma kusantarwa tana kumbura abu. Akwai mata da yawa masu irin wannan ƙashin. Ƙashin kai yakan ruɗi mutum. Wanda ba ya yawan ruɗi shi ne ƙashin ƙugu, domin na mace a buɗe yake saboda haihuwa, na namiji a tsuke. Sai an ga ƙugu ake magana.

Batun Bazazzage kuwa, ƙashi bai san wannan ba. Bai san Hausa ba, bai san Ibo ba, bai san coci ko masallaci ba. Iyakar abin da muke ƙiyastawa daga hanci da kumatu da haƙora shi ne ko kakannin mutum daga Afirka suke, ko Turai, ko Asiya, kuma ko a nan ma mukan yi kuskure. In na rubuta maka Bazazzage ne, ƙarya na rubuta.

In 'yan sanda sun bari, ka auna mini tsawon ƙashin cinya da tef ɗinka, daga nan ake gane tsawon mutum. Kowa ya ce mahaifina dogo ne. Ka kuma cire hankicin nan ka ɗauko mini saman kan. Aikina ke nan kullum, ba abin da ban gani ba.

Na rubuta wa Dokta Abiodun, malamina na da a Samaru, na roƙe shi ya nemi izini ya duba ƙasusuwan da idonsa. Jibi za mu tafi aikin tono a wani ƙauye inda ba sabis, zan ɗan jima. Kafin in dawo, Baba, don girman Allah kada ka yi komai.

'Yarka,
Jemimah


Chikaji, Sabon Gari

'Yata Jemimah,

Gaisuwa cikin sunan Mai Cetonmu. Muna lafiya. Ruwa ya sauka sosai, har ya ci mini gefen rumfar shago, na gyara.

Na gode. Na san ba za ki ba ni kunya ba. Na karanta takardarki sau da yawa, na ja layi da jan biro a ƙarƙashin inda kika ce zai iya zama namiji. Ku masu digiri haka kuke magana, ba kwa cewa e kai tsaye. Likita ma in ya ce mara lafiya zai iya mutuwa, kowa ya san a fara neman mai haƙan kabari.

Na kai wa Sufeto Albert, wanda ke riƙe da binciken. Na ce masa ga rahoto daga ƙwararriya a ƙasar waje, kuma 'yar mamacin ce. Na kai masa tsofaffi biyu da suka ga Othniel a bayan babur ɗin ranar. Ranar Juma'a 'yan sanda suka je layin 'yan katako. Ina tsaye a tsallaken hanya cikin farar rigata ta coci, da gangan na sa ta. Suka fito da Ogbonna, ya tsufa, ya rame, wandon ma yana riƙe da shi da hannu ɗaya. Da zai shiga motar ya hango ni. Na ce masa, "Ogbonna, ƙila gidanka ya gaji da kai ne." Ban ɗaga murya ba. Tun da nake ban taɓa jin abinci ya yi mini daɗi kamar tuwon ranar ba.

Kin ce kada in gaya wa mahaifiyarki. Gari duk ya sani, ta yaya za ta ji a bakin 'yan kasuwa? Na gaya mata. Ta yi kuka, ta yi godiya ga Allah, ta ciro zanen da ta ajiye na makoki. Fasto ya ba mu wuri a maƙabarta, an haƙa, an yi masa siminti, ana jiran 'yan sanda su sako mana mahaifinki. Gicciyen da hannuna na ƙera, ban bar wa yara ba. Ƙarfe mai kauri ne, sunansa kuma da walda na rubuta shi harafi bayan harafi, ba fenti ba da ruwa zai wanke.

Ƙashin cinyar na auna. Ya ɗan gaza yadda nake zato, amma abin da ya shekara ashirin a ƙasa dole ƙasa ta ci wani abu. Wannan ba abin ɓata takarda ba ne.

Tunda kin nace kan hankicin, to ki yi ƙarfin hali. Mutumin nan ya yanke wa mahaifinki kai da zarto. Ya zagaye shi ya cire samansa kamar murfin ƙwarya. Yankan a miƙe yake sumul, ba gargada, irin na wanda ya shekara da shekaru a kan zarto. Wa ke da zarto a cikin masu gidan? Bai tsaya nan ba. Ya huda ƙashin ya ɗaura masa 'yar ƙugiya ta tagulla a kowane gefe, yadda zai riƙa buɗewa yana rufewa. Me yake zubawa a ciki, shi da matsafansa suka sani. Murfin nan ban bar wa 'yan sanda ba, kin san yadda kaya ke ɓacewa a hannunsu. Tun a ramin na sa shi cikin jakar kayan aikina. Yana akwatin ƙarfena a shago, ba wanda ya sani sai ke. Ranar shari'a zan ajiye shi gaban alƙali da hannuna.

Babanki,
Cornelius


Chikaji

Jemimah,

Gaisuwa. Lafiya muke. Shiru ya yi yawa, na san kin ce ba sabis, amma ƙauyen nan ba shi da tudu ko bishiya da mutum zai hau?

Jiya Chisom, 'yar Ogbonna, ta zo shago. Kin tuna ta, ajinku ɗaya a firamare. Ta durƙusa a kan burbushin ƙarfe ta ce, "Baba Cornelius, ciwon suga gare shi, ƙafarsa ta kumbura a can. Sun hana beli, sun ce maganar tsafi ce."

Na ce, "Ke kin san inda naki uban yake kwana. Tawa 'yar ba ta taɓa sani ba."

Ta ce, "Wallahi bai san da akwatin ba. Ɗalibai nawa suka zauna gidan nan?"

Na ce, "Ɗalibai da littafi suke zuwa, ba da gawa ba. Tashi, za ki ƙone zanenki."

Na kunna injina. Ta jima a tsaye kafin ta tafi.

Samarin unguwa sun fasa masa ƙofar shago sun kwashi katako. Ban aike su ba, ban kuma hana su ba. Malamin naki ya je ofishin 'yan sanda da jakarsa, an ce ya daɗe a ciki. Bai neme ni ba. Ki gaya masa mai ɗan'uwan yana nan da rai.

Cornelius


Pretoria

Baba,

Na dawo jiya, na tarar da takardunka biyu da saƙon Dokta Abiodun. Ina fata kuna lafiya. Gaisuwar za ta yi gajarta, ka yi haƙuri.

Ba mahaifina ba ne. Ba ma namiji ba ne.

Dokta ya duba ƙashin ƙugun da hannunsa, ya turo mini hotuna da awo. A buɗe yake, ba shakka a ciki. Mace ce, gajeriya, baliga. Abin da tef ɗinka ya gaya maka ke nan, Baba. Ƙasa ba ta rage wa ƙashi tsawo.

Da ka cire hankicin nan tun ranar farko, da a take na gaya maka. Kan da aka yanke samansa sumul aka sa masa ƙugiya, irinsa na riƙe a aji a Samaru tun ina shekarar farko. Na koyarwa ne. Ana yanke shi don ɗalibi ya buɗe ya ga ciki ya rufe. A da ɗaliban likitanci sukan mallaki akwatin ƙashin mutum na gaske, suna karatu da shi a ɗaki, wani ya gada daga wani. Yawancinsu daga Indiya aka riƙa kawo su, ƙasusuwan talakawan da ba mai binne su. Dokta ya ce hancinta da kumatunta da haƙoranta sun fi karkata can, ko da yake wannan ƙiyasi ne, ba kamar ƙugun ba. Ina jin wani ɗan haya ne ya gama karatu, ya rasa yadda zai bi hanya da akwatin ƙashin mutum, ya binne a bayan gida.

Ga matsalar. Sufeto Albert ya ce to, in ba Othniel ba ne, wata ce aka yi tsafi da ita, tunda ga kai a yanke kuma saman ya ɓace, wanda ya yanke shi ne ya ɓoye. Dokta ya nuna masa ƙananan hujojin da ke gefen kan, Sufeton ya ce matsafa ma suna huji. Murfin nan mai ƙugiya shi ne zai kashe maganar. Yana akwatinka.

Ka ɗauki rabin layina ka kai mutum kurkuku da sunana. Na ce zai iya, na kuma ce kada ka yi komai. Ka kai musu murfin, Baba. Mama kuma ni zan kira ta da kaina.

Jemimah


Chikaji, Sabon Gari

Jemimah,

Ina gaishe ki. Ni lafiyata ƙalau. Mahaifiyarki tun da kika kira ta ba ta fito daga ɗaki ba, ta ninke zanen makokin ta mayar cikin akwati. Hephzibah ce ke kai mata abinci. Ki san wannan.

Indiya. Na tura ki karatu har ƙarshen Afirka don ki dawo ki ce mini yayana Ba'indiya ce.

To, na ji. A ce mace ce. A ce ta Indiya ce, ta Sin ce, ta duk inda kuke so. Wannan ya sauke Othniel daga bayan babur ɗin? Ya dawo mana da shi daga Kwangila? Mutumin nan ya san abin da ya sani. Shekara ashirin yana cin abinci yana ƙoshi, ba wanda ya taɓa tsare shi na yini guda ya tambaye shi. Yanzu Allah ya kama shi ta wata hanya, ke kuma kina so in je da ƙafata in buɗe masa ƙofa. In ya daɗe a ciki, ƙafar tana kumbura, wataƙila bakin ya buɗe.

Ban ce ki yi ƙarya ba. Shiru kawai nake so. Ba wanda ya san murfin yana wurina sai ke. Ina da wutar da ke narkar da ƙarfe, ƙashi ba zai ba ta wahala ba, tagulla ma haka. Ban yi ba tukuna. Amma kada ki manta wanda ya ɗauke ki a wuya ranar da aka yi miki baftisma babu uba a wurin.

Cornelius


Baba,

Ban manta ba, ba kuwa zan manta ba. Ba zan kai ƙararka wurin Sufeto ba, kai ne ubana.

Amma matar nan ma wani ya haife ta. An sayar da ita, an yi karatu da ita, an jefar da ita a bayan gida. Yanzu kuma za a ƙone mata kai don a kashe tsoho. In Ogbonna ya mutu a can, duk abin da ya sani game da mahaifina ya tafi da shi, kuma da sunana aka kashe shi.

Kai maƙeri ne. Kada ka yarda da ni, kada ka yarda da Dokta. Fito da ƙugiyar nan ka dube ta da kyau.

Jemimah


Chikaji, Sabon Gari, Zariya
Ƙarshen damina

'Yata Jemimah,

Gaisuwa cikin sunan Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya. Mahaifiyarki ta fara fitowa, ranar Lahadi ta je coci, har ta tsaya waƙa da matan zumunta. Da ni dai ba ta magana sai gaisuwa. Hephzibah tana gaishe ki. Ni ma na yi 'yar mura, ta wuce.

Na daɗe ban rubuto ba, da gangan ne. Ina fushi da ke, har yanzu ma da saura.

Na fito da murfin. Na kunna wutar ma, in gaya miki gaskiya. Sai na ce bari in ga abin da yarinyar nan take nufi, in ji daɗin ƙaryata ta. Na goge ƙugiyar da kananzir da tsumma, na fita da ita rana. Jemimah, aiki ne. 'Yar ƙusar da ta riƙe ta mai murɗawa ce, zarenta siriri ne kamar gashi, a jere daidai, babu wanda ya hau wani. Ƙugiyar hagu da ta dama kamar tagwaye, inji ne ya buga su. Hujin kuwa bai fasa ƙashin ko kaɗan ba. Yankan ma na sake dubawa, bakin zarton da ya yi shi bai kai kaurin farce ba.

Na san aikin Ogbonna. Na ga bencin da ya yi wa cocin Basawa, ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo har yau. Mutumin da in ya buga ƙusa uku biyu sai sun lanƙwashe. Zartonsa haƙoransa kamar na kada. A ce shi ya yi wannan? Na zauna ina ta jin haushi. Wata nawa ina yawo a gari ina ba shi yabon da bai taɓa cancanta ba.

Na naɗe murfin a hankicin nan dai na kai ofishin 'yan sanda. Dokta Abiodun ya zo ya ɗora shi a kan, ya sa ƙugiyoyin, suka shiga ƙyas. Sufeto Albert ya ce, "Oga Cornelius, ka san ɓoye shaida laifi ne?"

Na ce, "Da na bar muku, da yanzu ƙugiyar tana jikin makullin wani."

Ya yi mini faɗa, ya sa na rubuta bayani, na rubuta da Turancina ba wanda ya taya ni. Washegari suka saki Ogbonna.

Ina bakin ƙofa lokacin da Chisom ta fito da shi, yana dogara kafaɗarta, ƙafar a naɗe. Ta ce, "Baba Cornelius, mun gode." Na ce ta riƙe godiyarta, ba don su na yi ba. Shi kuwa ya tsaya ya ce, "Cornelius, a Kwangila na sauke shi. Ko yau aka tambaye ni, a Kwangila na sauke shi."

Na ce, "Wannan na ji. Ɗaya maganar fa?"

Ya ce, "Wace magana?"

Bai ma tuna ba, Jemimah. Abin da na kwana da shi na tashi da shi shekara ashirin, shi ya faɗa ne kamar ya tofar da yawu. Da ya tuna ya ba ni haƙuri, da wataƙila na rasa yadda zan yi. Yanzu na san yadda zan yi. Kada ki ɗauka na yafe. An ce in biya ƙofar shagonsa, na ce wanda ya fasa ya biya. Na sake shi ne don ranar da zan kama shi, in kama shi da abin da ya yi da hannunsa. Zan koma Kwangila in nemi tsofaffin direbobin da suka rage, ɗaya bayan ɗaya.

Batun matar. Dokta ya so a mayar da ita aji. Na ce a'a, ta yi aikin da ya ishe ta. Rami yana nan a haƙe da siminti, ba kowa a ciki. Fasto ya yi ta jan ƙafa, wai ba a san addininta ba. Na ce masa 'yata ta ce ƙashi bai san coci ko masallaci ba, kuma ita ta fi shi karatu. Hukuma ta ba da izini, muka binne ta ranar Asabar, ni da Hephzibah da Dokta. Mahaifiyarki ma ta zo, ta tsaya daga nesa.

Gicciyen na mayar shago na gurje sunan. Walda ce, ba ta fita da sauƙi, ni na yi ta don kada ta fita. Yini guda na yi a kai, ban bar yaro ya taɓa ba. Harafin ƙarshe da ya rage na daɗe ina kallonsa kafin in sa masa inji. Na kafa gicciyen a kan kabarinta haka nan, wurin sunan fari fat yana ƙyalli. In karatunki ya kai inda za a san sunanta, ki turo, ina da sauran wayar walda.

Ki ci abinci. In za ki sake rubuta mini zai iya, ki rubuta shi da manyan baƙaƙe.

Mahaifinki har yanzu ba shi da kabari. Ogbonna kuwa har yanzu yana da ni.

Babanki,
Cornelius